Ƙafar da ta shiga littafi

Sinang tana da shekara tara lokacin da wata mata ta sauka a ƙauyen Tubigan da ƙatuwar hular rana da littafin rubutu a hammata. Ta ce daga Manila, babban birnin ƙasar, aka turo ta, ta rubuta raye-rayen ƙauyuka kafin su bi tsofaffi kabari. Duk wanda ta tambaya sai ya nuna mata gidan Inang Tekla, uwar Sinang, don kaf tsibirin ba wadda ta kama ƙafarta a rawar fitilu, wadda suke kira pandanggo.

Fitilun kofunan gilashi ne da man kwakwa da lagwani, ɗaya a tsakar ka, ɗaya a bayan kowane hannu. Takun kuwa uku ne. Na ɗaya ki ajiye ƙafa, na biyu ki kawo 'yar'uwarta, na uku ki tashi a kan yatsu ki juya, kamar igiyar ruwa ta ɗaga kwale-kwale, wutar da ke kanki ko motsi kada ta yi. A wannan na ukun ake gane gwana.

To, kwana biyu kafin zuwan baƙuwar, Tekla ta taka ƙugiyar kamun kifi a bakin ruwa. Aka yanka aka ciro, aka ɗaure tafin ƙafar da tsumma. Kunya ta hana ta gaya wa wadda ta yini a jirgin ruwa dominta cewa ba ta da lafiya. Ta saki siket ɗinta har ƙasa, ta ɗora fitilu, ta yi rawar. Duk inda aka zo taku na uku sai ta ja ƙafar hagu a ƙasa, ta ɗan karkata. Baƙuwar ta yi ta zane da rubutu tana gyaɗa kai. Washegari ta bi jirgin safe.

Bayan shekara biyu malamin makarantar ƙauyen ya kawo littafin da aka buga, ya karanta wa Tekla abin da aka rubuta: a taku na uku, mai rawa za ta ja ƙafar hagu a hankali. Tekla ta yi dariya har da hawaye.

"To, ƙafata ta shiga makaranta ta bar ni a gida," in ji ta.

A lokacin kowa ya ɗauke shi abin dariya.

Shekara sittin suka wuce. Tekla ta daɗe da rasuwa, Sinang ta zama Aling Sinang, yadda suke kiran dattijuwa, mai furfura da ciwon gwiwa, ita ke riƙe da rawar. Mata shida take koya wa, dukkansu masu shanya kifi, ciki har da surukarta Loleng, matar ɗanta na biyu. In rana ta yi sanyi sai su wanke ƙarni su taru a bayan majami'a. Mai kaɗa musu jita Mang Gorio ne, tsohon masunci, sa'an Sinang, wanda tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun tsokani juna ba.

"Sassauta gwiwa, Loleng!" Sinang takan ce. "Wuyanki ya zama na fitila, ba naki ba. Daga ƙugu zuwa ƙasa ke ce, daga ƙugu zuwa sama wuta ce. Ɗaya, biyu, tashi!"

"Ke ma ki tashi mu gani mana, tsohuwa," Gorio ya ce yana kaɗawa.

"Ranar da ka daina tsallake waya ta huɗu ta jitarka zan tashi."

"Wayar ce ta tsufa."

"Mai wayar dai."

Wata ranar Laraba suna cikin haka sai ga Nila Magsino da jaka a kafaɗa da takalmi mai tsini yana nutsewa a yashi. Nila 'yar ƙauyen ce. Tun tana shekara bakwai Sinang ta fara ɗora mata ƙoƙon kwakwa cike da ruwa a ka, har ta kai sha shida ta tafi karatu. Yanzu babbar ma'aikaciya ce a ofishin al'adu na lardin. Ta kama hannun Sinang ta kai goshinta, yadda ake gaishe da manya.

"Nanay, uwata, na same ku lafiya?"

"Wa nake gani haka? Na ɗauka jirgin Tubigan ya daina ɗaukar masu gilashin ido."

Aka yi dariya, aka kawo mata ruwan kwakwa. Ta ce albishir ta kawo. Za a yi gasar rawar fitilu a babban garin lardi nan da mako uku, waɗanda suka zo na ɗaya za su wakilci lardin a Manila, kuma ita da kanta ta sa sunan Tubigan. Matan suka yi shewa. Loleng, wadda ba ta taɓa wuce babban garin ba, ta rungume ta.

Da za ta tafi sai ta ja Sinang gefe, ƙarƙashin bishiyar mangwaro.

"Nanay, ina cikin alƙalai uku. Da littafi za a auna."

"Wane littafi?"

"Kin san shi. Taku na uku, su ja ƙafar kawai. Kwana ɗaya ne. In sun dawo gida su yi yadda kike so."

Sinang ta dube ta tun daga takalmi har gilashin.

"Ke Nila, ba uwata ce ta zaunar da ke ta nuna miki tabon ba? Ba ki sa yatsanki a ciki ba?"

"Na sa, Nanay. Amma duk makarantun ƙasar nan haka suke yi. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya."

Gorio, wanda yake ta kasa kunne yana yi kamar ɗaure waya yake, ya ɗago kai.

"Wa ya ce kiɗa ya sauya? Ni ke kaɗa shi, yarinya, ban sauya komai ba."

"In kai mata shida masu lafiya gaban jama'a su yi ɗingishi?" Sinang ta ce. "Ba da ni ba. Ki gaya wa 'yan'uwanki alƙalai abin da kika sani. Don haka aka ba ki kujera."

Nila ta ce za ta yi ƙoƙari. Ba ta kalli idon tsohuwar ba da ta faɗi haka, amma Sinang ba ta kawo komai a ranta ba. Yarinyar da ta goya a rawa ce.

Mako ukun nan matan suka ba da himma kamar ba gobe. Yatsun ƙafarsu suka yi kanta. Suka haɗa kuɗi suka ɗinka sababbin riguna masu faɗin hannu. Sinang ta fito da kofunan uwarta goma sha takwas, ta wanke da toka, ta naɗe kowanne a tsumma ta jera a kwando.

Ranar gasar suka isa da hantsi. A babban ɗakin wasan ƙwallo aka shirya abin, rufin kwano, zafi kamar a tukunya. Tun a bakin ƙofa wani matashi mai riƙe da takarda ya leƙa kwandon ya girgiza kai.

"Lola, kakata, ba a kunna wuta a nan. Doka ce. Ga waɗanda kowa zai yi amfani da su."

Ya miƙo musu kwali cike da fitilun roba masu batir. Kowace da madauri a gindinta, na kai da na hannu.

Loleng ta ɗaura ɗaya ta girgiza kai da ƙarfi. "Nanay, wannan ko tsalle kika yi ba za ta faɗi ba."

"Ba ni almakashi," Sinang ta ce. Ta zauna a kan benci ta yanke madaurin fitila goma sha takwas ɗaya bayan ɗaya. "Wuta dai sun hana mu. Amma ba za a ɗaure wa 'yan Tubigan fitila kamar an ɗaure wa akuya ƙararrawa ba."

Matashin ya dawo ya ga Gorio yana gyara jita.

"Lolo, kakana, kiɗa ɗaya ne na kowa, daga na'ura za a sa. Don a yi adalci."

Gorio ya daina gyaran. Ya kwantar da jitar a cinyarsa, ya ɗora hannu biyu a kai. Har aka tashi Sinang ba ta tsokane shi ba.

Ƙungiya biyar ne. Huɗu 'yan makaranta ne, samari da 'yanmata masu jiki kamar gora, murmushi ɗaya a fuskar kowa. Sinang ta zauna tana kallon yara ashirin, talatin, suna jan ƙafar hagu a tare, suna karkata a tare, da kyau da tsari, jama'a na tafi. Ta tuna yadda uwarta ta cije leɓe a ranar, da yadda tsumman ya jiƙe da jini bayan baƙuwar ta fita.

Da aka kira Tubigan, kiɗan na'urar ya fi na Gorio sauri, amma matan suka kama shi. Mata ne masu kauri, hannuwansu duk sun yi baƙi da rana. Ɗaya, biyu, suka tashi. Shida suka ɗago lokaci guda, suka juya a kan yatsu, fitilun da ba abin da ke riƙe da su suna zaune daram. Wasu tsofaffi a baya suka miƙe suna tafi. Ko fitila ɗaya ba ta faɗi ba. Sinang ta share ido da gefen mayafinta, ta ce a ranta ko yau ta mutu ta biya uwarta.

Aka sanar da sakamako da azahar. Tubigan ce ta biyar.

Matashin ya raba wa kowace ƙungiya takardar makinta. Idon Sinang ba ya ganin ƙananan rubutu, sai Loleng ta karanta mata. Alƙali na farko ya ba su saba'in da takwas. Na biyu saba'in da biyar. Ta uku ta ba su sittin, ta kuma rubuta a ƙasa: kuskure a taku na uku, ya saɓa wa rawar asali.

"Sa hannun wa ke nan?"

Loleng ta kifa takardar a cinyarta.

"Na ce na wa?"

"Na yayarmu Ate Nila ne, Nanay."

Sinang ta karɓi takardar ta miƙe. Ta sami Nila a barandar baya tana shan ruwan sanyi ita kaɗai. Da ta ga tsohuwar sai ta ajiye kwalbar ta miƙo hannu za ta gaishe ta. Sinang ta ɓoye hannunta a baya.

"Karanta min wannan da bakinki."

"Nanay, ki saurare ni."

"Rawar asali. Asalin wa? Uwar wa aka zana?"

"Kowa a teburin nan ya san ni 'yar Tubigan ce. In na ɗaga muku maki cewa za a yi son kai na yi."

"Shi ne kika fi baƙi yanka mu."

"Ko ɗari na ba ku ba za ku ci ba. Na gaya miki tun farko." Ta cire gilashinta ta murza ido. "Da littafin nan na ci jarrabawa. Da shi na koyar da malamai shekara ashirin. In tashi yau in ce ƙarya ne a ciki? Da wace shaida? Tabon da ke cikin kabari?"

"Ba ƙarya ba ne. Ciwo ne. Matar ta rubuta abin da ta gani, ba ni da faɗa da ita. Ke kuwa kin sani."

"Na sani."

"Kin gaya musu?"

Nila ta dubi ƙasa.

"Shekara tara ina gyara miki wuya," Sinang ta ce. "Ashe don ki iya sunkuyar da shi ne."

Ta ninke takardar ta cusa a aljihun Nila, ta juya. Nila ta kira ta sau biyu, ba ta waiwaya ba.

Suka hau jirgin komawa. Kwandon kofuna yana tsakanin ƙafafun Sinang, ko kwance su ba a yi ba.

Ta ɗauka abin ya ƙare a nan, ashe da saura. A ɗaya gefen tsibirin an buɗe wani otal na masu yawon shaƙatawa, suna neman masu rawar fitilu duk ranar Asabar. Abin da za su biya a yini guda ya fi na mako guda a wurin shanya kifi, ga shi kuma kifin ya yi ƙaranci a shekarar. Sharaɗinsu ɗaya ne: ƙungiyar ta kawo takardar ofishin al'adu da ke nuna rawar gargajiya ta gaskiya suke yi. Ofishin kuwa da littafi yake aunawa.

Matan suka yi kwana huɗu suna tura juna. A ƙarshe Loleng ce ta zo, ta sami surukarta tana tsince shinkafa a ƙofar gida. Ta zauna a ƙasa, ta jawo farantin tana taya ta.

"Nanay, in mun ƙi, 'yan makarantar can za a ɗauko a jirgi su zo su yi a tsibirinmu."

"Su zo."

"Jikarki za ta shiga sakandare a watan Yuni."

Sinang ta ci gaba da tsintar tsakuwa.

"Mun gwada da kanmu daga hoton littafin, ba ya fita. Kamar agwagi muke. Ba wanda ya ga yadda aka yi shi sai ke."

"Tashi ki ba ni wuri, Loleng."

Mako guda ba a yi rawa a bayan majami'a ba. Sinang ba ta yi wa kowa faɗa ba, ba ta kuma yi wa kowa dariya ba. Tana ganin jikarta tana wucewa da takalmin da aka ɗinke da zaren koma. Tana ganin tabarmin shanya rabi babu kifi. Rana ta takwas da la'asar ta ɗauki sandarta ta tafi gidan Gorio.

"Ɗauko jitarka."

"Wace rawa za a yi?"

"Ka sani."

"Ni ba zan kaɗa wa ɗingishi ba, Sinang."

"Ai ba kunnenka za a ja a ƙasa ba. Tashi, tsoho, kada ka sa in roƙe ka."

Ya tashi. Matan suka taru suna sunne kai. Sinang ta jingine sandar, ta tsaya a tsakiya, ta tattare siket ɗinta don su ga ƙafar.

"Ba haka littafin ya ce ba, amma haka aka yi. Ba jan ƙafa kawai ba ne. Tsoron taka ƙasa take. Diddige a sama, gefen ƙafa ke tafiya. Nauyin duka a dama. Kafaɗar hagu ta sauka kaɗan, sai hannu ya ɗaga ya rama, don kada man ya zube. Ku duba."

Ta yi. Gorio ya kau da kai yana kaɗawa. Shi ma yana nan ranar da Tekla ta yi wa baƙuwar rawa, yana leƙe ta taga.

Kafin rana ta faɗi duk shidan sun iya. Taku na uku na gaskiya sai mace ta shekara biyu tana fasa kofuna kafin ya zauna mata. Wannan kuwa yamma ɗaya ya isa.

Bayan wata guda wani jami'i ya zo ya kalla, ya ce bai taɓa ganin waɗanda suka fitar da takun da kyau haka ba. Takardar ta iso da hatimi da sa hannun Nila Magsino. A cikin ambulan ɗin akwai wata 'yar wasiƙa da sunan Sinang. Ta ba Loleng ta ce ta hura wuta da ita.

Matan suka fara zuwa otal duk Asabar, sau uku a yini. Jikar Sinang ta shiga sakandare da sabon takalmi. Sinang ba ta taɓa bin su ba ko sau ɗaya. Ta dai riƙa gaya wa kanta cewa abin otal na otal ne, ranar bikin shekara na majami'a za a yi ta gida.

Bikin ya zo a watan Nuwamba. Da rana ta kusa faɗuwa aka fito da kofunan Tekla, aka zuba man kwakwa, aka kunna. Gorio ya zauna a kan turmi da sabuwar waya ta huɗu. Sinang ta bi matan ɗaya bayan ɗaya tana gyara musu zaman fitila.

"Yau a gida kuke," ta ce. "Ku tashi."

"To, Nanay."

Kiɗa ya fara. Ɗaya, biyu. Loleng ta tashi a kan yatsu, wutar kanta ta yi rawa, man ya ɗiga a goshinta, ta yi saurin saukowa. Ta sake gwadawa a zagaye na biyu, kofin hannun dama ya karkata, da ƙyar ta tare shi. Sauran biyar ko gwadawa ba su yi ba. Ba ƙin ji ba ne, wata bakwai ƙafafunsu sun saba da hanya mai sauƙi. A zagaye na uku Loleng ta dubi surukarta sau ɗaya, sannan ta ja ƙafar hagu ta bi 'yan'uwanta.

Jama'a suka yi ta tafi. Sabon limamin majami'ar, wanda bai fi wata uku da zuwa ba, ya matso kusa da Sinang fuskarsa cike da fara'a.

"Aling Sinang, an gaya min mahaifiyarki ce ke cikin littafin. Mun yi wannan rawar a makaranta ina yaro. Kin riƙe amana. Ga ta nan sak yadda ta bar ta."

"Sak, Padre," ta ce.

Ba ta jira a gama ba. Ta ratsa ta bayan masu sayar da gasasshen alade da wainar shinkafa, ta bi hanyar bakin ruwa a hankali saboda gwiwa. Hadari ya haɗu ta gabas, ga kifin Loleng a shanye a tsakar gida. Ta sunkuya ta fara kwashewa tana zubawa a kwando, tabarma bayan tabarma, tana jiyo jitar Gorio daga nesa har aka fara yayyafi.